Ni Na Jiƙa Ƙasar, Ba Malam Isiyaku Ba

Zuwa ga Mai girma Darakta na kamfanin da ke riƙe da mota mai ƙugiya a nan Tamanrasset.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Harisu, mutumin Mirya ta ƙasar Damagaram. Ina da ɗan shago a bakin kasuwa, ina sayar da lalle da citta da barkono da atamfa. Na zo garin nan tun Faransawa ba su naɗe tabarmarsu ba, ban taɓa shiga buro, wato ofis, da ƙarar kowa ba, ba a taɓa kai ƙarata ba. Ba ka san fuskata ba, amma mai tsaron ƙofarka ya san ta sarai, don sau uku yana maida ni. Da Hausa na rubuta wannan, mushen lekkol maƙwabcina, wato malamin makaranta, zai juya maka ita zuwa Faransanci. Ta Hausar kuwa na roƙi limaminmu ya bari a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, domin abin da ke cikinta abin kunyata ne, kuma na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai.

Magana a kan Malam Isiyaku ce, mutumin Tasawa, direban motarku, wanda kuka sallama bayan hannun motar ya lanƙwashe a Tit. Kun rubuta a takardar shaidar aikinsa cewa sakacinsa ne ya jawo ɓarnar. Da wannan takarda ba wanda zai sake ba shi mota ko a nan ko a Agadas ko a ko'ina. Na zo in gaya maka ba sakacinsa ba ne. Ni na yi ɓarnar, da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya, wadda ita ce ta fi ba ni haushi.

Na ɗaya: abin da na sani game da motar.

Kada ka ce ɗan kasuwa zai koya maka motarka. Ina so ne waɗanda za su ji takardar nan a ƙofar masallaci su gane, don yawancinsu daga nesa suke kallonta, suna ce mata Dogon Hannu. Ni ma abin da na sani daga bakin Malam Isiyaku na ji, a kan bencin shagona, wurin shan shayi.

Kamyo ce, wato babbar motar kaya, kamar kowane kamyo, tana da bayanta na zuba kaya. Sai dai a bayan mazaunin direba an kafa mata hannu na ƙarfe mai gwiwa, mai lanƙwasawa da miƙewa da juyawa hagu da dama, ga ƙugiya a bakinsa. Injin da ke tafiyar da motar shi ne ke tura mai ta cikin bututai zuwa ga hannun, man nan shi ne ƙarfinsa. A gefen motar akwai 'yan sanduna, direba na tsaye a ƙasa yana taɓa su da yatsa biyu, abin da ƙarti ashirin ba su iya motsawa ya tashi sama yana lilo. Kafin zuwanta, in aka kawo injin ban ruwa, sai a tara mutane da igiyoyi da itatuwa, a wuni ana salati, wani ya koma gida da karyayyen yatsa. Da idona na ga ta sauke tano, wato gangar man fetur, ta kafa turakun waya, ta ɗora ƙarafan rufin lekkol, ta zaro inji daga cikin kamyon da ya mutu a hanyar Hirafok. Ba ma'abocin kasuwar nan da bai ci albarkacinta ba.

Abu biyu Malam Isiyaku ke maimaita mana har muka haddace. Na farko, gwargwadon nisan da hannun ya miƙa, gwargwadon raguwar abin da yake iya ɗauka. Yakan ce mu ɗauki guga cike da ruwa mu riƙe a jikin cinya, sannan mu miƙe hannu da shi mu ji bambanci. Na biyu, kuma shi ne zancenmu, motar ba da tayoyinta take tsayawa ba in tana aiki. Tana da ƙafafun ƙarfe da ake zarowa ta gefe, a sauke su a kan katako, duk nauyin motar da na kayan ya koma kansu. Maganarsa kullum ita ce: "Alhaji, mutane hannun suke kallo, ni ƙasa nake kallo. In ƙafa ta samu wurin takawa, hannu ba ya ƙarya." Yana kirana Alhaji ne don tsokana, ban je ba tukuna.

Na ji wannan magana ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Na ji ta da kunne, ban ji ta da hankali ba.

Na biyu: yadda aka yi.

Muna da garka a Tit, ni da abokina Sidi Ali, haifaffen wurin. Ƙasar tasa ce, ni na kawo iri da inji, muna raba abin da Allah ya ba mu na tumatir da alkama da ɓaure. Rijiyarmu a bakin ƙorama take, cikin yashi, kowace shekara sai ta rufta mu sake yasa. Bana muka yanke shawarar zura mata zobban siminti. Muka bi ƙa'ida, muka nemi motarku a buro, aka ba mu rana.

Ran Litinin Malam Isiyaku ya biyo wani kamyo ya zo duba wuri, ba wanda ya sa shi, halinsa ne. Ya zo da sandar ƙarfe mai tsini. Ya zagaya rijiyar yana caka ta a ƙasa, nan ya girgiza kai, can ya girgiza kai, har ya samu wani wuri ta gabas inda tsakuwa ta haɗu da yashi ta kama. Ya ɗora duwatsu inda ƙafafun za su sauka. Ya ce mana wurin ya yi, jibi zai zo da mota, kada kowa ya taɓa. Ya sha shayi ya tafi.

To, ranka ya daɗe, a nan Shaiɗan ya same ni ta ƙofar alheri. Na tsaya na dubi wurin, na ga tsakuwa da ƙaiƙayi da kashin awaki. Na ce a raina, yanzu ɗan ƙasarmu zai zo da motar da babu irinta a duk Hoggar, mu tare shi a kan juji? A garinmu in ana son ƙasa ta yi ƙarfi, daɓe ake yi. A zuba jar ƙasa, a jiƙa ta, mata su durƙusa da madaɓai su yi ta bugu suna waƙa, in ta bushe sai ka ce dutse, a shekara goma ana shanya a kai ba ta fashe ba. Tsakar gidan mahaifiyata haka take har yau. Na ce in daɓe na ɗaukar turmi da mata huɗu masu daka, me zai hana shi ɗaukar ƙafar mota?

Da la'asar ɗin nan kuma rabon ruwanmu ya zo. Ka san yadda ake a garkunan Tit, ruwan magudana na zagayawa gida gida, in naka ya zo ba ka cewa ya dawo gobe. Na ɗauki fartanya na karkata shi, maimakon fangalin alkama na sake shi a kan wurin da aka sa duwatsu, na bar shi ya sha har ya ƙoshi. Sidi Ali ya hana ni. Da Hausarsa ta Buzaye ya ce mini: "Harisu, wannan ƙasa ba ta garinku ba ce. Sama tana bushewa, ciki tana riƙe ruwa." Na yi masa dariya. Na ce masa su mutanen tanti ne, ina suka san daɓe? Ya ƙyale ni, don mutum ne mai kunya, ni kuwa mai baki ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ran nan ni na ɗaura wa kaina shi.

Ran Talata na sa aka ɗebo laka da jakai, muka shimfiɗa a kai, muka yanko gindin zarben dabino muka yi madaɓai. Na tuɓe riga, ni da ban durƙusa don aiki ba tun ina saurayi, na yi ta bugu har tafin hannuna ya yi kanta. Rana ta gasa wurin. Zuwa yamma ya yi sumul, ja wur, na taka da dugadugi ban ga ko alama ba. Na maida duwatsun Malam Isiyaku daidai inda ya bar su. Wallahi na kwana ina jin daɗin kaina.

Ran Laraba da hantsi mota ta iso da zobba biyar a bayanta. Malam Isiyaku ya sauko, ya dubi wurin, ya dube ni. Ya ce: "An taɓa nan?" Ka san al'adarmu, ba a yi wa baƙo hidima a zo ana lissafa masa, gori ke nan. Na ce: "Shara dai aka yi." Bai gamsu ba. Ya juya ya zaro sandarsa ta ƙarfe daga bayan kujera. Ni kuma ba na son ya huda mini daɓena. Na riƙe masa hannu, na ce shayi na hucewa, na ce ashe yanzu ba a yarda da maganar dattijo ba? Na girme shi da shekara kusan goma sha biyar, kuma a gaban mutane na faɗa. Ya yi murmushi, ya maida sandar. In akwai laifinsa a duk al'amarin nan, to ga shi nan: ya ji kunyar furfurata.

Ya sauke ƙafafu a kan katako. Zobe na farko ya shiga lafiya. Na biyu ya shiga lafiya. Ya hana kowa shiga rijiyar, ya hana kowa tsayawa ƙarƙashin kaya, ya ce Sidi Ali kaɗai zai riƙa ba shi alama da hannu. Sidi Ali da ƙannensa biyu suna bakin rijiya riƙe da igiyoyi suna daidaita zoben. Ni ina gefe ina ta washe baki, ina jiran a gama in bayyana musu sirrin daɓe.

A zobe na uku, hannun ya miƙe sosai a kan rijiyar, sai muka ji ƙas. Daɓen ya fashe a ƙarƙashin ƙafar dama. Katakon ya karye biyu, ƙafar ta nutse, caɓi ya ɓullo ta gefenta. Motar ta karkato, zoben ya yi lilo ya nufi mutum ukun nan, bayansu kuwa rami ne, ba inda za su ja da baya.

Ina roƙonka ka karanta wannan wurin sau biyu. Malam Isiyaku yana tsaye ne a ɓangaren da motar ke faɗowa. Taku uku zai yi ya tsira. Bai yi ba. Ya bar hannunsa a kan sandunan, ya juya hannun motar da zoben gaba ɗaya ya kawar da shi daga kan mutane, ya kai shi kan katangar garka ya sake. Zoben ya rushe katangar ya dare biyu. Hannun motar ya daki wani dutse ya lanƙwashe, bututu ya fashe, mai ya wanke masa fuska da riga. Motar ta tsaya a karkace, ba ta kife ba. Ba wanda ya ko ƙwarzane, sai shi da murfin ƙofa ya buge a kafaɗa.

Da ƙura ta lafa ya zagayo ya tsuguna wurin ƙafar. Ya sa hannu ya ɗebo caɓin, ya murza shi a yatsunsa. Ya ɗago ya dube ni. Na zaci zai zage ni, da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya goge hannunsa a wando ya tambayi Sidi Ali ko kowa lafiya.

Na uku: abin da ya biyo baya.

Kamfaninku ya aiko da wani kamyo aka janyo motar. Wanda kuka aiko ya duba hannun, ya duba bututun, ya rubuta a littafinsa, ya hau ya tafi. Bai dubi ƙasa ba. Bai tambayi Sidi Ali ba, bai tambayi ƙannensa ba, bai tambaye ni ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na ji daɗin da bai tambaye ni ba. Na tsaya a bayan mutane na ja rawani na rufe baki. Baƙo ne ni a ƙasar nan, takardar zama gare ni ba ta haihuwa ba, na ji tsoron jandarma, na ji tsoron a rufe shagona a ɗora ni a mota zuwa iyaka. Ban faɗi wannan don a ji tausayina ba. Na faɗa ne don a san irin mutumin da Malam Isiyaku ya rufa wa asiri.

An ce da kuka kira shi buro kuka tambaye shi ko ya gwada ƙasar a ranar, ya ce bai gwada ba. Gaskiya ya faɗa. Kuka tambaye shi dalili, ya yi shiru. Wannan shirun ni ne a cikinsa. Daga baya na aika masa da mutum ya tambaye shi me ya sa bai ambace ni ba. Amsar da ya aiko ita ce: "Ku gaya wa Alhaji, ni aiki zan rasa, shi gari zai rasa. Kuma don ya girmama ni ya yi."

Kwana tara na yi ina fama da kaina. Abin da ya karya ni shi ne wata safiya da kamyon Agadas ya iso da kayana. Ina zaune ina jiran 'yan dako, sai ga buhun citta ya shigo shago a kan wani mutum, ya duƙa ya sauke da kafaɗa guda, don ɗayar ba ta ɗaguwa. Ya miƙe, sai na ga Malam Isiyaku ne. Mutumin da ke ɗaga injin kamyo da yatsa biyu. Ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya tambayi iyali, ya juya ya koma ɗauko na biyu. Na rufe shago da rana tsaka na tafi gida, matata ta zaci zazzaɓi ne.

Washegari na je buronku. Mai tsaron ƙofa ya ce kana taro. Na koma, ya ce ka tafi duba aiki. Na koma na uku, na gaya masa abin da ke tafe da ni, ya ce an rufe maganar Tit, takarda ta riga ta tafi arewa. Ban yi fushi da shi ba, abin da aka ce ya faɗa ya faɗa. Amma ranka ya daɗe, a ce mutum ya zo da ƙafarsa yana cewa ni ne mai laifi, a rasa wanda zai saurare shi? Ko ɓarawo in ya kawo kansa ana buɗe masa ƙofa.

Na huɗu: ƙorafina a kanku, kuma ba da izgili nake yi ba.

Na san halin da kake ciki. Ƙasar nan ba ta daɗe da karɓar kanta ba, waɗanda suka san injuna da yawa sun tafi, mota ɗaya gare ku irin wannan a duk yankin. Kowane ƙusa nata sai ya keto Sahara kafin ya iso. Akwai rijiyoyin Tazrouk da ke jiranta, akwai turakun da ke kwance a bakin hanya. Na san akwai manya a sama da kai da za su tambaye ka wa ya karya, kuma dole ka ba su suna. Da ni ne a kujerarka, ban san ko zan yi abin da ya fi naka ba. Ban zo in ce kai azzalumi ne ba. Na zo in ce an ba ka rabin labari ka yi hukunci da shi.

Amma akwai abu biyu da ba zan haɗiye ba. Na farko, an hukunta mutum ba a ji shaidu ba, alhali mutum huɗu muna tsaye a wurin, uku daga cikinmu kuma da ransu suke yawo yau saboda shi. Na biyu, katakon. Falanki biyu ne sirara a motar, irin na akwatin shayi. Tun bara nake jin Malam Isiyaku yana cewa ya nemi a ba shi katako mai kauri da faɗi, wanda zai baza nauyin ƙafar, ana ce masa sai an kawo daga arewa. Ba na cewa da katakon kirki daɓena zai riƙe, Allah kaɗai ya sani. Laifi tudu ne, kuma na riga na hau nawa na tsaya a kai kowa na gani. Sai dai daga nan inda nake tsaye ina hango wannan ɗin ma, ba zan yi kamar ban gani ba.

Ka kuma tambayi kanka wa zai hau motar in an gyara. Tuƙi daban, ƙugiya daban. Malam Isiyaku ya fara ne da ɗaure sarƙa a aikin hanya zamanin Faransawa, ya shekara da shekaru yana kallo kafin a bar shi ya taɓa sanda. Ya san kukan injin in kaya ya fi ƙarfinsa. Ya san iskar da ke tasowa daga duwatsu bayan azahar, wadda ke kaɗa kaya a sama, shi ya sa ba ya yarda ya ɗaga abu mai faɗi a lokacin ko an matsa masa. Wanda za ku kawo sabo, in ƙafa ta nutse masa, taku ukun nan zai yi. Ba zan zarge shi ba, ni ma su zan yi.

Na biyar: abin da nake roƙo.

Ina roƙon ka zo Tit da kanka, ko ka aiko wanda ka yarda da idonsa. Gani ya kori ji. Na hana a cike ramin da ƙafar ta yi. Sidi Ali ya kewaye shi da ƙaya don awaki. Ɓawon daɓen yana nan, bai kai kaurin tafin hannu ba, ga shatin madaɓai a kansa, ga yashin da ke ƙarƙashi. Ku zo da sandar ƙarfe ku caka a nan, ku matsa taku biyar inda ruwana bai kai ba ku sake cakawa. Ƙasar za ta ba ku shaidar da na kasa bayarwa a ranar.

Ina roƙon a ji bakin Sidi Ali da ƙannensa. Sun ce ko da ƙafa ne za su zo.

Ina roƙon a sama wa motar katako na gaske kafin ta sake fita, kuma duk inda za a aika ta a cikin garkuna, a gaya wa masu wuri da bakin da suke ji cewa kada ruwa ya kusanci inda za ta tsaya. Kada a ce musu "kada a taɓa" kawai. Mu mutanen karkara, gyara ba taɓawa ba ne a wurinmu. Ba ni kaɗai ba ne mai son girmama baƙo a ƙasar nan, wani Harisun yana can yana jiran motarku da fartanya a hannu.

Game da gyaran hannun motar, ban ɓoye ba. Shagona yana inda yake, duk abin da hukuma ta yanke a kaina na ɗauka, ko da zai kai ga takardar zamana. Na yi shawara da matata kafin in rubuta wannan. Ta ce gara mu koma Mirya da buhu ɗaya da mu zauna nan muna cin abinci da haƙƙin Hajara da 'ya'yanta. Hajara ita ce matar Malam Isiyaku, tare suke zuwa ɗibar ruwa, kuma tun ran da abin ya faru matata ke canza hanya.

Babban roƙona, wanda saboda shi na rubuta duk wannan, shi ne takardarsa. In kun maida shi kan motarsa, kun yi adalci kun kuma yi wa kanku. In hakan ya gagara saboda manyanku, to ku karɓi waccan takardar ku ba shi wata mai faɗin abin da ya faru: cewa ƙasa ta nutse da shi, ya tsaya bai gudu ba, ya zaɓi ya karya ƙarfe da ya karya mutane. Lokaci ya ƙure, ranka ya daɗe. Ya sayar da gadonsa da tukwanen matarsa, ya kama wuri a kamyon da zai tashi zuwa Agadas ran Alhamis ta sama. In ya hau da waccan takardar a aljihu, ya gama taɓa ƙugiya har abada, dako zai yi da kafaɗa guda har ƙarfinsa ya ƙare.

Bai san na rubuta wannan ba. A sahu na biyu yake tsayawa ran Juma'a, kusa da ginshiƙi, a can zai ji ta tare da kowa. Malam Isiyaku, na san za ka ji haushina, ka rufa mini asiri na zo na yaye. Ka yi haƙuri. Ran nan na riƙe maka hannu na hana ka caka sandarka, yau na sake shi. Ka yafe mini.

Ranka ya daɗe, kalmar sakaci da kuka rubuta ba ƙarya ba ce, an yi sakaci a Tit. Sunan da ke samanta ne ba daidai ba. In dole sai ta zauna a kan takardar wani, ga sunan mai ita nan a ƙasa, na rubuta shi da hannun da ya riƙe fartanyar.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya tun da wuri ba irina ba. Allah ya tsare ma'aikatanka a kan hanya da wurin aiki, ya tashi motar nan ta koma yi wa jama'a amfani. Allah ya zaunar da ƙasar nan da tamu lafiya.

Wassalam.

Ni ne,
Harisu na Mirya,
mai shagon citta da lalle a bakin kasuwa,
wanda ya yi daɓen.